Kafin ka ɗaga wa kwikwiyo sanda

Ƴan uwana makiyaya, duk lokacin da muka fita rigakafi ana kawo mana shanu da tumaki da awaki, har da raƙuma. Kare kuwa sai dai mu hango shi kwance ƙarƙashin amalanke, babu mai lissafa shi cikin bisashe. Ni a ganina wannan sakaci ne, kuma a kan garke yake ƙarewa.

Bari in fara da kaina. Shekara biyu da suka wuce wani abokin mahaifina ya kawo mana kwikwiyo daga wajen Abalak, irin dogayen karnukan nan na Azawak masu siririn ciki. Baba na da jajayen awaki, irin na Maraɗi, a gonarmu da ke wajen Dakoro, kuma dila ya dame shi. Sai muka bar kwikwiyon a hannun yara. Su ɗauke shi, su yi tsere da shi, ya bi su ya cafke bakin riga, kowa na dariya. Da ya kai wata 6, wata safiya ya bi wata ƴar akuya ya kada ta, ƙafarta ta karye. Baba ya ce a kashe shi. Na roƙe shi ya ba ni wata biyu, don na san laifin namu ne, har da ni da na yi karatun abin.

Karen Azawak da ido yake farauta. Duk abin da ya ruga, zai bi shi. A haka Abzinawa suka rene shi tun kaka da kakanni, don kamun barewa da zomo da gadin zango, kuma sanda ba ta cire wannan hali. Abin da za ka iya shi ne ka sa ya ɗauki awakinka ƴan gida tun kafin ƙafarsa ta yi ƙwari. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ne kwikwiyo ke koyon bambanta nasa da baƙo. In ka karɓe shi yana da sati 7 ko 8, to a killace masa ɗan wuri cikin garke ya riƙa kwana, kusa da tsofaffin awaki masu haƙuri. Kada a haɗa shi da mai sabuwar haihuwa, za ta tunkuye shi ya tsorata.

Namu ya riga ya wuce wannan lokaci, shi ya sa muka sha wuya. Kowace asuba ƙanena ya sa masa doguwar igiya ya kai shi rijiya ya dawo, don ya rage zafin gudu kafin a saki awaki. In ya ƙura wa ƴar akuya ido, a fizgi igiyar a ce "bari". Kalma ɗaya ce, kuma ita kowa na gidan ke faɗa. In ya juyo, a ba shi loma. Yara kuwa aka hana su tsere da shi, kuma wannan ya fi horon karen wuya. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ɗaure shi a turke wuni guda. Kare mai ƙarfi irin wannan, ranar da ya tsinke sai ya rama duk gudun da aka hana shi.

Sai abinci. Karen da ke kwana da yunwa ba ya gadi. Tuwo da tsala sau 3 a rana yana ƙarami, sau 2 in ya girma. Amma don Allah a bar jefa masa ɗanyar hanta ko huhu masu ƙullutun ruwa, da kan tunkiyar da aka yanka saboda tana zagaya wuri ɗaya. Ƙullutun nan ƴaƴan tsutsa ne. Suna girma cikin hanjin kare, ƙwansu ya fita da kashinsa ya zube a ciyawa, tumaki su ci, ciwon ya dawo garke. Irin na hanta har mutum yana kamawa. A ƙone kayan ko a binne su da zurfi, a kuma nemi maganin tsutsa mai praziquantel wajen likitan dabbobi.

Allurar haukan kare ana yin ta tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi gidan likita a ranar, don in alamun ciwon suka fito babu magani. Na san wasu na ƙyamar kawo kare gabanmu, alhali addini ya yarda a ajiye shi don kiwo da noma da farauta. Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce, in ana tara kuɗin rigakafi, a rubuta karnukan garke cikin lissafi, a kira mu rana ɗaya mu yi musu gaba ɗaya.

Karenmu yanzu a bakin garke yake kwana, kuma tun damanar bara dila bai ɗauki ko ɗaya ba. Har yau ba ma barin sa shi kaɗai da ƴan awakin da ba su yi sati biyu ba. Akuyar nan ta girma ta haihu, amma tana ɗingishi, kuma Baba bai fasa nuna mini ita ba duk ranar da na je gida.