Nottoway ya ƙone, shaida ta ragu

A watan Mayun 2025 gobara ta cinye Nottoway, katafaren gidan nan da ke gaɓar kogin Misisifi a jihar Luwiziyana ta Amurka. An kammala shi a 1859 domin John Hampden Randolph, attajirin da bayi fiye da 150 ke noma wa rake. Baƙaƙen fata da dama sun yi murna da wutar, kuma da wuya a ga laifinsu: shekara da shekaru ana ba da hayar wurin don bikin aure, amare na ɗaukar hoto a inda kakannin wasu suka sha bulala. Duk da haka, a ganina asara aka yi, domin gidan shaida ne a kan masu shi.

Tsarin irin waɗannan gidaje da kansa yana tona asiri. Gidan Oak Alley, da aka gama a 1839, yana da ginshiƙai 28 kewaye da shi, kuma bayi ne suka buga tubalinsa suka gasa. An yi baranda mai faɗi da rufi mai tsawo don iska ta ratsa maigida lokacin zafi, aka kai ɗakin girki waje don hayaƙi da haɗarin wuta su tsaya kan masu dafa abinci. Bukkokin bayi kuwa na katako ne, a jere can gefe, kuma a gonaki da yawa sun ruɓe tuntuni saboda babu wanda ya damu da gyaransu. In babban gidan ma ya tafi, me za a nuna wa yaron da aka ce masa bautar ba ta yi muni ba?

Za a ce kyawun ginin yana rufe ido, baƙo ya yaba ginshiƙai ya kama hanya. Haka ne, amma laifin na mai ba da labari ne. Gonar Whitney, a jihar ɗaya, ta zama gidan tarihi a 2014, da binciken masanin tarihi ɗan Senegal Ibrahima Seck. A can an zana sunayen bayi a jikin dutse, ana kuma tunawa da boren bayi na 1811, kuma baƙo yana shiga gidan ubangidan ne da labarin waɗanda suka yi masa bauta a kunnensa. Shi kuwa Nottoway, a 1980 aka sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Kamata ya yi wannan matsayi ya zo da sharaɗin faɗin sunayen waɗanda suka ɗora tubalin, kafin a karɓi kuɗin shiga daga hannun kowa.