Idan Mai Ciwon Hanta Ya Fara Sambatu

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, idan magidanci ya fara barci da rana yana kwana ido biyu, ya manta sunan ɗansa, ya tashi yin alwala a inda ba ruwa, akan ce iskoki ne ko sammu. Sai a nemo hayaƙi da rubutu. Ba kasafai ake tuna cewa watannin baya idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya tara ruwa ba. Alhali kuwa sau da yawa cutar guda ce, tushenta hanta.

Ga yadda abin yake. Ƙananan halittun da ke cikin hanji suna sarrafa ragowar abinci, su fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya. Aikin hanta ne ta mayar da shi wani abu marar lahani wanda ke fita ta fitsari. Idan hanta ta ƙeƙashe, jini yakan kauce mata, ya kwashi gubar ya kai ƙwaƙwalwa.

A can kuwa ba ƙwayoyin jijiya kaɗai ke zaune ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, wato astirosayit, waɗanda ke yi musu hidima: su ciyar da su, su share musu muhalli. A shekarar 1977 Michael Norenberg da abokan aikinsa suka nuna cewa a cikin waɗannan hadimai ne ƙwaƙwalwa ke ɗaure amoniya, ta mayar da shi gulutamin. To, gulutamin yana janyo ruwa. Idan ya yi yawa sai hadimin ya kumbura, cibiyarsa ta yi girma ta koɗe, hidimarsa ta yi rauni, saƙonnin jijiya su rikice. Tun 1912 likitocin Jamus, von Hösslin da Alois Alzheimer, suka ga wannan kama a madubin likita, shi ya sa ake kiranta nau'in Alzheimer na biyu. Sunan kawai suka haɗa da cutar mantuwar tsufa.

Abin da ya sa jinkiri ke da ciwo shi ne, wannan ruɗewa takan warware idan an yi hanzari. Galibi wani abu ne ke tayar da ita: taurin bayan gida, zubar jini a cikin hanji, zazzaɓi, ko maganin barci. Tun 1966 ake amfani da wani ruwan magani mai zaƙi, laktulos, wanda ke sassauta ciki ya fitar da gubar. Amma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya ƙara wa hanta nauyi, maganin kwantar da "mahaukaci" kuma ya tura shi dogon suma. Hana shi nama da wake ma, da aka daɗe ana yi, likitoci sun bar shi, domin rama ƙara cutar take yi.

Akwai alamar da ko ɗalibin aji uku zai iya dubawa. A sa majinyaci ya miƙa hannuwa, ya ɗaga tafukansa kamar mai tsayar da mota. Idan suna faɗuwa suna tashi kamar fiffike, asibiti za a nufa a ranar, ko na Tambuwal, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Babban mai ƙeƙasar da hanta a Nijeriya shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya same shi a jikin kimanin manya takwas cikin ɗari. Yawanci tun ƙuruciya ake ɗauka, daga uwa ko ta askar da aka yi wa yara da yawa aiki da ita, ya yi shiru shekaru ashirin ko talatin. Rigakafinsa ya shiga jerin alluran yara a 2004, kuma allurar farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Inda mata da yawa ke haihuwa a gida, wanzami kan riga ma'aikacin lafiya ganin jariri. Ya kamata malaman kimiyya na makarantun yankin su sa ɗalibansu su tambaya a gida, wane ne cikin ƙannensu ya sami wannan allura, kuma a kwana na nawa.