Kafin sayen na'urar MIDI mai ramuka da yawa, a fara ƙirga kayan kiɗa

Matashin da ya haɗa ɗan sutudiyo a ɗakinsa, da fiyano ɗaya da kwamfuta mai FL Studio, yakan ga na'urar MIDI mai ramuka takwas a intanet ya ɗauka ita ce za ta gyara masa sauti. Ba za ta gyara ba. MIDI ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, saƙo kawai yake kaiwa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Wanda muryar mawaƙinsa ba ta fita tas, kuɗinsa ya fi amfani a kan makirufo da na'urar shigar da sauti.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne ƙirga kayan kiɗan da ke da ramin MIDI na asali, wato zagayayyen nan mai fil biyar. Ƙananan fiyano irin Yamaha PSR-E373 ba su da shi ma, USB kaɗai gare su, kai tsaye suke shiga kwamfuta. Mai irin wannan ba ya buƙatar komai sai waya. Mai tsohon fiyano guda ɗaya kuwa, ƙaramar na'ura irin Roland UM-ONE ta ishe shi.

Ramuka da yawa suna amfani ne idan kayan sun kai uku ko huɗu. Tsarin MIDI ya fito a 1983, kuma kowace waya tana ɗaukar tashoshi 16 ne a gudun bit 31,250 cikin daƙiƙa. Idan aka jera fiyano da injin ganga da wani fiyanon ta ramin THRU, duk hanya ɗaya suke rabawa, kuma jerin na ƙara tsawo saƙon na iya lalacewa. Na'ura irin MOTU micro lite, mai shiga biyar da fita biyar, tana ba kowanne hanyarsa da tashoshinsa 16.

Akwai kuma batun wuta. Wayar USB tana haɗa lantarkin fiyano da na kwamfuta, abin da kan jawo ƙugi a lasifika, musamman a ɗakin da wayoyin wutarsa ba su da kyau ko ake aiki da janareta. Ramin mai fil biyar yana karɓar saƙo ta hanyar ɗan haske a cikinsa, don haka lantarkin ɓangarorin biyu ba ya haɗuwa.

Nan ne wayoyin MIDI masu arha marasa suna ke cutar mutane. Wasu ba su da wannan kariyar, wasu suna yar da saƙo, sai sauti ya maƙale yana ta kuka a tsakiyar aiki. Arha ba ta ado.

Mai aiki da wayar salula ya nemi na'urar da ba ta buƙatar direba. Android ta karɓi MIDI tun sigar 6.0 a 2015, ta wayar OTG, amma ba a saka mata direban kamfani yadda ake yi a Windows.

Mai kaya uku ya sayi mai ramuka huɗu ko biyar, ragowar kuɗin ya zuba a makirufo.