Mas'alar Kulle da Gargaɗi a kan Jirgi Maras Matuƙi

Ya ku malamai da almajirai, ku sani akwai ƙaramin jirgin sama maras matuƙi da ake sayarwa a kasuwa, mai shi yana ƙasa yana sarrafa shi. Galibinsu ƙirar kamfanin DJI ne na ƙasar Sin. Jirgin nan yana sanin inda yake ta hanyar taurarin ɗan Adam, a cikinsa kuwa akwai taswirar wuraren da aka hana. A da, in ya doshi filin jirgin sama sai ya tsaya cik kamar ya tarad da ganuwa, in kuwa a ciki aka ajiye shi sai ya ƙi tashi. A 2015, da irinsa ya faɗi a harabar fadar shugaban Amurka, kamfanin ya kulle birnin Washinton.

To, a Janairun 2025 kamfanin ya cire kullen nan a Amurka. Abin da ya saura gargaɗi ne a allo, mai jirgi ya karanta ya wuce abinsa. Hujjarsu ita ce alhaki yana wuyan mai sarrafawa, doka kuwa ta hukuma ce.

Mu a wurinmu wannan kuskure ne. Haƙiƙa alhaki yana wuyansa, amma hukunci bayan ɓarna yake zuwa. Ku dubi Gatwik ta Ingila a Disambar 2018: rahoton ganin jiragen nan ya sa aka rufe filin, tafiya wajen 1,000 ta rushe, ba a gano mai laifi ba. A watan da aka cire kullen ma, wani da nauyinsa bai kai rubu'in kilo ba ya huda fiffiken jirgin da ke kashe gobarar Los Anjelis, aka ajiye shi kwanaki wuta tana ci.

In wani ya ce, ai mugu yana iya karya kullen, sai mu ce gaskiya ne, mai son abinka ya fi ka dabara. Amma wa ya cire ƙyauren gidansa don ɓarawo yana haura katanga? Kullen yana tsare jahili da mai ganganci, su ne kuwa mafi yawa. Mai uzuri na gaskiya, da ma akwai hanyar da yake roƙo a buɗe masa.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su ɗora wa maƙeran jiragen mayar da kulle a filayen jiragen sama. Wanda ya mallaki irinsa kuma, ya ɗauki gargaɗin nan tamkar ganuwa, gama akwai rayuka a sama da shi.

Haza wasalam.