Kada A Kai Maras Lafiya Cikin Masu Lafiya, Ko Da Itace Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Duk wanda ya zaga ƙasar Kabo da Gwarzo, daga Garo har Getso, zai ga itace guda ya rinjayi saura a ƙofar masallatai da makarantun allo da maƙabartu da kasuwanni, wato dalbejiya. Mun saba da ita har muna zaton gadonmu ce, alhali baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, kuma a Borno aka fara dasa ta a Najeriya a 1928. Ta yi mana alheri ƙwarai. Sai dai wanda ya zuba dukiyarsa duka a tukunya ɗaya, ya kamata ya riƙa duba gindinta.

A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan mitsitsin ƙwaro ruwan ɗorawa, shi ma ɗan asalin Asiya, ya ɓulla a yankin Tafkin Chadi har ya shiga Borno. Mannewa yake yi a ganye da reshe yana tsotse ruwan itacen, ganye ya bushe kamar an babbake shi. Ba a gama da wannan ba, a ƙarshen 1990 sai aka ga dalbejiya a Jamhuriyar Nijar tana kaɗe ganye, rassa suna mutuwa. Masu bincike sun danganta wannan na biyun da galabaitar itacen saboda fari da taurin ƙasa. Darasin shi ne, itacen da aka yi watsi da shi yana raunana, annoba kuwa mai rauni take fara kayarwa.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. A 2016 mun ga abin da tsutsar tumatir, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta yi wa manoman Kano da Katsina da Kaduna cikin 'yan makonni. Ƙwaro ba ya neman fasfo. A kwando yake shigowa, ko a jikin dashe, ko cikin lodin itacen girki.

A nan ne addininmu ya riga mu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Sayyidina Umar (RA) kuma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya nuna wa sahabbai cewa gudun ma yana cikin ƙaddarar Allah. A ganina hikimar nan ba ta tsaya kan mutum da dabba ba. Wanda ya sayo dashen mangwaro ko lemo mai ƙwari don araha, ya kafa shi kusa da lambun maƙwabcinsa, ya kai maras lafiya cikin masu lafiya.

Wani zai ce ai sai a yi feshi. Feshin ganganci yana kashe zuma da ƙananan halittun da Allah Ya sanya su cinye mugun ƙwaro. Dubi farin ƙwaron mangwaro da ya ɓulla a Togo da Ghana a farkon shekarun 1980. Ba guba ce ta karya lagonsa ba. Wani ɗan zanzaro ne da ido ke gani da ƙyar, masana suka ɗauko shi daga Indiya, aka fara sakinsa a Togo a 1987. Tsarki ya tabbata ga wanda bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani.

Saboda haka ina kira ga matasa, musamman masu gangamin dashen itatuwa a damina. Na farko, mu duba ƙarƙashin ganyen kowane dashe kafin mu saya. Na biyu, mu cakuɗa dalbejiya da namu na gado: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo, kanya da aduwa, domin ƙwaron da ke cin wannan ba lalle ya ci wancan ba. Na uku, reshen da ya kamu a sare shi a ƙone a wurin, kada a ɗora shi a amalanke zuwa wani gari. Na huɗu, in mun ga baƙon abu a jikin itatuwa, mu sanar da malamin daji na ƙaramar hukuma ko malamin gona na KNARDA tun da wuri.

Hadisin Anas (RA) ya yi bushara da ladan sadaka ga Musulmin da ya yi dashe, duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. To, ladan yana gudana ne muddin itacen yana raye. Ɗaukar hoto ranar dashe a sa a intanet abu ne mai sauƙi. Komawa da bokitin ruwa a watan Afrilu, lokacin da babu mai kallo sai Allah, shi ne gwajin ikhlasi.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Allah Ya sa mu dace, Ya kiyaye mana ƙasarmu daga annoba. Wassalamu alaikum.