Darasin giwa ga masu zana gine-ginen gwamnati

Toron giwa a Afirka yakan kai nauyin tan 6, yana yini cikin rana, ba ya kuma gumi irin na ɗan Adam, amma zafi ba ya kayar da shi. Asirin yana cikin kunne da fata. Kunnuwan giwa faffaɗa ne marasa kauri, cike da jijiyoyin jini. Idan rana ta take sai jijiyoyin su buɗe, jini ya kwararo, ta riƙa kaɗa kunnuwan har iska ta kwashe zafin kafin jinin ya koma jiki. Fatarta kuwa duk tsaga ce ƙanana. A 2018 masana a Jami'ar Geneva suka bayyana yadda tsagogin ke samuwa, waɗanda ke riƙe ruwa da taɓo ninki 5 zuwa 10 fiye da fata mai santsi. Ruwan yana bushewa sannu a hankali, yana sanyaya ta bayan ta baro tafki.

Tuni masu zane suka fara koyi. A Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo an ƙera tayil na bango mai gargada irin fatar giwa, gwaji ya nuna ya fi mai santsi saurin hucewa.

A Abuja kuwa akasin haka ake yi. Ana ta gina ofisoshi da bangon gilashi mai fuskantar rana, tagogi ba sa buɗuwa, sanyi duk ya rataya a kan na'ura. Da wuta ta ɗauke a watan Maris, janareta ya yi gardama, ofis ya koma tanda, aiki ya tsaya. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan salon gini ya zama nauyi a kan baitulmali.

Ba ƙa'ida aka rasa ba. Tun 2017 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa. Wannan jarida na kira ga Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya da ma'aikatu da kada su amince da zanen sabon ofis sai yana da rumfa bisa tagogi, da bango mai yi wa kansa inuwa, da hanyar da iska za ta ratsa. Jami'an da ke tsara takardun kwangila su sa wannan sharaɗi tun daga farko, domin ginin da aka amince da shi bana, ma'aikata za su zauna cikinsa shekaru masu yawa.