Jinjina ga masu tsaron numfashi a ɗakunan tiyatar Garwa

Idan aka yi wa mutum aikin ciki ya tashi lafiya, likitan da ya riƙe wuƙa dangi ke yi wa godiya. Ba kowa ya san da wanda ya tsaya a saitin kan mara lafiya ba, ya sa shi barci, ya zura masa bututu a maƙogwaro, ya kula da numfashinsa har aka ɗinke cikin. Yabon gwani ya zama dole, gwanayenmu na yau kuwa su ne ma'aikatan sa barci na asibitocin Garwa. A Kamaru likitocin wannan fanni kaɗan ne, don haka nas-nas masu horo na musamman ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Daga Gider da Poli da Lagdo ake kawo muku wanda taifot ya huda wa hanji, da wanda ƙaba ta shaƙe, sau da yawa bayan ya jima yana jinya a gida, ciki ya kumbura, ruwan jiki ya ƙare. Irin wannan ba ya jure kuskure ko kaɗan. Kuna karɓarsa cikin dare, cikin zafin bazarar Garwa mai haura digiri 40, ku riƙe shi har ya farka. Allah ya saka muku da alheri.

Amma da sauran rina a kaba. Maganin barci yana sassauta tsokar da ta raba ƙirji da ciki, sai kayan ciki su danno ƙasan huhu, ƙananan jakunkunan iska su manne. Hakan na samun kusan mutum tara cikin goma da aka sa wa cikakken barci. Bayan aiki kuma zafin ɗinki ya hana dogon numfashi da tari, majina ta taru, namoniya ta samu ƙofa.

Yadda aka saita injin numfashi yana iya rage wannan ko ya ƙara shi. A 2013 an wallafa binciken IMPROVE na Faransa a kan mutum 400 da aka yi wa babban aikin ciki. Rabi an hura musu iska mai yawa kamar yadda aka saba, mililita 10 zuwa 12 a kowane kilo. Sauran an ba su 6 zuwa 8, aka bar ɗan matsi a huhu bayan kowane numfashi, ana kuma buɗa shi lokaci-lokaci. Cikin mako guda, kashi 27.5 cikin ɗari na rukunin farko sun gamu da babbar matsala, a na biyu kuwa kashi 10.5. Sai dai binciken PROVHILO na 2014 ya nuna cewa cika matsin bai ƙara kariya ba, sai ma ya fi faɗar da jini. Awo ake so. Girman huhu tsayin mutum yake bi, ba ƙibarsa ba, don haka tef ɗin awo ya zama kayan aiki a ɗakin tiyata, a auna tsayi kafin a saita inji.

Tsaron kuma ya bi mara lafiya har gadonsa. Binciken ASOS na 2018, wanda ya duba mutum 11,422 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka matsakaicin duniya sau biyu, kuma yawancin rasuwar a kwanakin da suka biyo bayan aikin take faruwa. A rage wa mara lafiya zafi, a ɗaga masa kai, a zaunar da shi da wuri, a riƙa duba iskar jininsa da na'urar yatsa. Masu jinya ma a koya musu su sa shi ya tallafe ɗinki da matashi ya yi tari.

Hukumomi na da nasu kason. Injin numfashi yana buƙatar oksijin da wutar da ba ta yankewa, wutar arewa kuwa ta dogara sosai ga madatsar Lagdo, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja baya. Jami'ar Garwa, da aka kafa a 2022, tana da tsangayar likitanci. Hakkinta ne ta yaye ƙarin ƙwararrun sa barci, ta kuma sa a riƙa rubuta yadda huhun kowane mara lafiya ya kasance bayan aiki, domin Garwa ta san nata alƙaluman, ta gyara aikinta da su.